Na ce musu jinyar Hajiya na zo, ga shi yau wata biyar

Tambaya: Wata baiwar Allah daga Kano ta rubuto tana cewa: "Aurenmu ya mutu wata 5 da suka wuce, bayan zaman shekara 13. 'Ya'yanmu uku. Babbar mace ce mai shekara 11, sai namiji mai 7, su biyun suna gidan babansu a hannun abokiyar zamana. Autar mai shekara 3 tana tare da ni a gidanmu. Ranar da zan fito na ce musu jinyar Hajiyarmu zan je, kuma har yau ban canja maganar ba. Yanzu namijin ya koma fitsarin kwance, kullum sai an kawo ƙararsa daga makaranta kan dambe. Babbar kuwa lafiya lau take, ko kuka ba ta taɓa yi min ba, kowa yaba hankalinta yake yi. Ƙaramar ce kullum take tambayata yaushe za mu koma gida. Me zan yi wa yaron nan?"

Amsa: 'Yar'uwa, Allah Ya sa haka ne ya fi alheri, Ya raya miki zuri'a. Kin tambaye ni game da yaro ɗaya, ni kuwa yara uku na gani a cikin wasiƙarki, kuma wadda kika ce lafiya lau take ita ce ta fi tsaya min a rai. Za mu zo kanta. Amma bari mu fara da maganar jinyar nan, don sauran duk a jikinta suke rataye.

Ban ga laifinki ba da kika faɗi haka a ranar. Na daɗe ina zama da iyaye da yara a irin wannan hali, da farko ina malama mai ba ɗalibai shawara a makaranta, daga baya a ofishin walwalar jama'a, kuma da wuya na ga uwar da ta fito daga gidan miji ta gaya wa 'ya'yanta gaskiya a bakin ƙofa. Wata ta ce unguwa za ta, wata ta ce biki ake a garinsu. Ranar da aka miƙo wa mace takarda ita kanta ba ta san inda kanta yake ba. Ga kuma sa ran a zo biko, a yi kome kafin idda ta cika, yara ba su ma san an yi ba. To amma idda ta cika, an shiga wata na biyar, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne. Babbarki tana tsaye aka zo aka kwance gado, aka loda kujeru da kwanuka a mota. Ta san ba a kwashe gado don zuwa jinya. Namijin kuwa, in bai ji a tsakar gida ba, ya ji a bakin yaran layi: "an saki babarku." Sun sani sarai. Abu biyu ne ba su sani ba: dalili, da kuma ko an yarda su yi zancen. Duk sanda kika sake cewa "sai Hajiya ta ji sauƙi," abin da suke ɗauka shi ne wannan magana ba a taɓa ta, kowa ya haɗiye tasa.

Yaro kuwa ba ya iya zama da giɓi a kansa. In manya ba su cike masa ba zai cike da kansa, kuma mafi yawan lokaci kansa yake ɗora wa laifin, musamman mai shekara 4 zuwa 8. Kada ki yi mamakin wannan. Ki tuna faɗace-faɗacenku na ƙarshe: sau nawa aka yi su a kan kuɗin makaranta, kuɗin magani, ko wa ya sangarta wane? Yana ɗaki yana jin sunansa na fitowa a tsakiyar hayaniya, washegari ya ga uwarsa ta ɗaure kaya. Lissafin da zai yi a bayyane yake. Akwai yaron da ya shafe fiye da shekara yana ganin shi ya kori uwarsa, don ranar da ya fasa filas ɗin shayin babansa ranar aka yi faɗan ƙarshe. Ba wanda ya sani a gidan, don ba wanda ya tambaye shi.

Saboda haka abu na farko, ki zaunar da manyan biyu ki gyara maganar. Ki zaɓi lokacin da ba baƙi, ba talabijin, ba kuma dab da tafiyarsu ba. Ki faɗa a taƙaice, da irin Hausar da kike musu kullum: "Na ce muku jinya na zo. Ba haka ba ne, na faɗa ne don ina tsoron kada hankalinku ya tashi, ku yi haƙuri. Ni da Babanku mun rabu, ba zan koma zama a gidan ba. Magana ce ta manya, tsakanina da shi. Ba abin da waninku ya yi da ya jawo, ba kuma abin da za ku yi da zai gyara. Ni ce mamarku har abada, shi ne babanku har abada. Mata ake saki, ba a sakin 'ya'ya." Daga nan ki yi shiru, ki bar su. Wataƙila namijin ya tambaye ki wa zai riƙa saya masa kayan sallah, ko ya miƙe ya tafi buga ƙwallo kamar bai ji ba. Kada ki ɗauka rashin damuwa ne, yara guntu-guntu suke haɗiyar babban labari. Zai dawo da tambaya bayan kwana uku, ya sake dawowa da ita bayan wata. Amsar dai ita ce ta jiya, ba ƙari ba ragi. In sun ce wa ya yi laifi, ki ce wannan tsakaninku ne ku biyu. Kuma kafin ki yi zaman nan, ki aika wani babba da tsohon mijinki yake jin nauyinsa, wansa ko mahaifiyarsa, ya sanar da shi, don kada yaran su ji magana ɗaya a wurinki su koma su ji wata.

Ga abin da zai ɗan sanyaya miki rai. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Mavis Hetherington, ta bi diddigin iyalai kusan 1,400 na tsawon shekaru kusan 30. Ta samu cewa kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na yaran da iyayensu suka rabu sun tashi lafiya kamar kowa. Kashi 20 zuwa 25 ne suka shiga matsala mai tsanani, alhali a gidajen da ba a rabu ba ma ana samun wajen kashi 10. Ta kuma ga cewa shekara ta farko da ta biyu su ne masu zafi, daga nan yawancin yara sukan daidaita. Amurka dai ba Kano ba ce, can ba kishiya a gida, ba kuma kaka da gwaggo a tsakar gida ɗaya. Amma akwai abu guda da binciken can da abin da nake gani a nan suka haɗu a kansa: abin da ya fi raunata yaro shi ne rigimar da ta ƙi ƙarewa bayan rabuwar, da yanke shi daga ɗaya cikin iyayensa. Takardar sakin kanta ba ta kai waɗannan biyun ɓarna ba. Wannan kuwa rabinsa yana hannunki.

Mu dawo kan namijin. Ruwa ba ya tsami banza. Yaron da ya daina fitsarin kwance shekaru, ya dawo yana yi bayan uwarsa ta bar gida, jikinsa ne ke faɗin abin da bakinsa ya kasa. Ba ganganci ba ne, ba lalaci ba ne, barci yake ba shi da iko a kai. Duk da haka a fara kai shi asibiti a gwada fitsarinsa, don ciwon mafitsara, ciwon suga, taurin bayan gida da sikila duk suna iya kawo shi. In likita ya ce ƙalau yake, to sai a rage masa abin sha bayan isha'i, ya yi fitsari kafin ya kwanta, a shimfiɗa leda a ƙarƙashin zanin gado, a bar masa fitila ko 'yar tocila don wasu tsoron fita cikin duhu ne ke hana su. Abin da ba za a yi ba shi ne duka, da shanya katifarsa inda yaran maƙwabta za su gani, da tara masa yara suna tafi suna "amalala mai fitsarin kwance." Na san da haka aka tashe mu, amma tsoro da kunya su ne asalin ciwon, ba kuwa a kashe wuta da kananzir.

Nan fa za ki haɗiye wani abu mai ɗaci. Ba ke ce kike wanke zanin nan da asuba ba, abokiyar zamanki ce. Ko me ya shiga tsakaninku a da, yau ita ce ke zuba wa 'ya'yanki abinci. Matar uba ba duka ce muguwar cikin tatsuniya ba. Da yawa mata ne da aka jibge wa yara biyu masu fushi ba tare da an shawarce su ba, kuma ba mai cewa sannu. Ki aika mata da sabulu da omo da ledar shimfiɗa, da gaisuwa ta mutunci, ki ce kin san ɗawainiyar da take yi. Ba don ta cancanta ko ba ta cancanta ba, don ɗanki ne ke kwana a ɗakinta. Kuma ki buɗe baki ki gaya wa yaran cewa in sun yi mata biyayya, ko sun ji daɗin girkinta, ba su ci amanarki ba. Akwai yaran da ke ƙin cin abincin matar uba suna kwana da yunwa, don a ganinsu cin nan juya wa uwa baya ne.

Damben makaranta kuma ki binciki abin da ke kunna shi. Sau da yawa gori ne: "an kori uwarka." Ki samu malamin ajinsa da na Islamiyya, ki gaya musu halin da ake ciki a asirce, ki roƙe su su sa ido, su rage bulala. Ki ba yaron amsar da zai riƙa bayarwa, gajeriya wadda ba kunya a cikinta: "Mamata tana gidan kakata, ina zuwa wurinta ranar Juma'a." Yaron da ke da abin faɗa da baki ya fi jinkirin kai hannu.

Sai kuma yadda za ki karɓi fushinsa in ya zo gare ki, don zai zo. Mu Hausawa muna da kalmomi uku da muke rufe bakin yaro da su: "yi shiru," "ba komai," "yi haƙuri." Ga namiji akwai ta huɗu: "namiji ba ya kuka." Haƙuri abu ne mai girma, amma yana da gurbi, bayan an saurara yake zuwa. Annabi Yaƙub, amincin Allah ya tabbata a gare shi, shi ya ce "haƙuri kyakkyawa," shi ne kuma ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusuf har idanunsa suka yi fari. Ba wanda ya ce ya gaza haƙuri. To ina ga ɗan shekara 7? In ya jefar da kwano, ko ya ce miki "ba na son ki, ke kika tafi kika bar mu," kada ki hau shi da faɗa, kada kuma ki fashe da kuka ki shiga kare kanki. Ki jawo shi jiki ki sa wa abin suna: "Haushina kake ji don ba na gidan, ko? Kewata kake yi da daddare?" Yaro mai shekara 7 bai san bambancin kewa da haushi da tsoro ba, abu ɗaya yake ji ya tokare masa ƙirji. In kika raba masa su, kika nuna ba ki tsorata da su ba, sai su ragu. Iyaka kuma tana nan: jin haushi ba laifi ba ne, dukan mutane laifi ne, kwanon da ya jefar shi zai ɗauko. Kada tausayi ya sa ki sakar masa linzami, don yaron da gidansu ya rushe ya fi kowa buƙatar ya ga wasu dokokin suna nan inda ya san su.

An taɓa kawo min wani yaro ɗan shekara 8. Matar ubansa ta buɗe jakar makarantarsa ta tarar da wani tsohon ɗankwali a cukuikuye, ya yi dauɗa, an ƙulle bakinsa. Gida ya hargitse, aka ce uwar ce ta aiko da asiri. Har an kunna ashana za a ƙona shi sai kakar ta hana. Na zauna da yaron ya kai rabin awa yana wasa da murfin biro bai ce uffan ba. Can ya ce, ba tare da ya ɗago ba, "Ƙamshin Umma ne a jiki." Ranar da za ta tafi ya zare shi daga kan igiya. Kullum in an kashe fitila sai ya ciro ya sa a hanci, sannan barci ya ɗauke shi. Matar uban tana jin haka ta juya fuska tana share hawaye. Muka mayar masa da abinsa. Daga baya uwar ta riƙa aiko masa da wani duk mako, da turarenta a jiki, matar uban kuma ita ke karɓa ta sa masa a ƙarƙashin matashi. Ki ba ɗanki wani abu naki da sanin mutanen gidan: ɗankwali, carbi, hoto, ko muryarki a wayar babansa kina masa addu'ar barci.

Yanzu babbar. Kin ce ba ta taɓa kuka ba, kowa yaba ta yake. A farkon shekarun 1950 a Ingila, wani ma'aikacin walwala mai suna James Robertson, wanda ke aiki da likita John Bowlby, ya riƙa lura da ƙananan yaran da ake kwantarwa a asibiti ba tare da iyayensu ba. Ya ga suna bin matakai uku. Da farko kuka da bori da neman uwa. Sai su yi laƙwas, su yi zugum, su daina nema. A ƙarshe su ware suna wasa da kowa, amma in uwar ta zo sai su kau da kai kamar ba su san ta ba. Ma'aikatan jinya in sun ga yaro ya yi shiru sai su ce ya saba, alhali ɗebe tsammani ya yi. Fim ɗin da ya ɗauka a 1952 na wata 'yar shekara 2 yana cikin abubuwan da suka sa asibitocin ƙasar suka sassauta dokar ziyarar iyaye. Ƙananan yara ya duba, amma kuskuren da ya gano muna yin sa da yara manya ma. Mukan ce "ai ta dangana."

'Yar shekara 11 da uwarta ta fita, ta bar ta da ƙane mai fitsarin kwance a hannun matar uba, yawanci abu ɗaya take yi: ta zama uwa. Ita ke tashi da asuba ta ɓoye zanin kafin a gani, ita ke karɓar faɗa a madadinsa, in ta zo wurinki ta karanci fuskarki ta ga kin rame, sai ta ƙudura ba za ta ƙara miki damuwa ba. Ga ta 'yar fari, wataƙila ma akwai 'yar kunya tsakaninku, ba ki saba jan ta a jiki ba, ko sunanta ba kya kamawa. Alkunya al'ada ce mai kyau, amma wannan ba lokacinta ba ne. In kika tsare ta da ido kika ce "gaya min abin da ke damun ki," amsar ita ce "ba komai, Mama." Ki zaunar da ita tsakanin ƙafafunki ki tsefe mata kai, ki wanke, ki yi mata kitso ƙanana masu cin lokaci. Ba ta ganin idonki, hannunki yana kanta. Ki fara da kanki: "Ni dai ina kewarki, musamman da magariba." Ki yi shiru, ki ci gaba da kitson. Ba lallai ta yi magana a ranar farko ba. Ki gaya mata a fili cewa kula da ƙanenta taimako ne, amma ba ita ce uwarsa ba, kuma damuwarki ba kayanta ba ce, kina da manya da kike gaya wa. Ranar da ta fashe da kuka, ko ta yi miki tsiwa, kada ki ce ta lalace. Ranar ce ta yarda cewa za ki iya ɗauka.

Abu biyu za ki kiyaye da ita. Kada ki mai da ita abokiyar hirar baƙin cikinki, kina ba ta labarin abin da babanta ya yi miki. Kada kuma ki mai da ita 'yar rahoto: me aka dafa, me ya sayo wa amarya, me aka ce a kaina. Yarinyar da ake tatsa a nan, ta koma can a sake tatsar ta, takan koyi ƙarya ta fuska biyu don ta tsira, kuma halin yakan bi ta har ɗakin mijinta. Kuɗin makaranta da na magani ma kada a aika ta karɓowa, manya su yi magana da manya. Sannan shekarunta sun kusa fara al'ada. Ki yi mata bayani tun yanzu, ki haɗa mata audugar mata ta ajiye, ku yanke wadda za ta gaya wa a can gidan in abin ya zo ba kya nan.

Autar tata mai sauƙi ce, sai dai tana son juriya. 'Yar shekara 3 ba ta san saki ba, ta dai san ɗakinsu da babanta da yayyenta sun ɓace. Ki ce mata, "Yanzu nan ne gidanmu ni da ke. Baba yana gidansa, za ki je ki gan shi." Za ta sake tambaya gobe, ki sake faɗa. Ƙiwa da kulafuci za su ƙaru, ta bi ki har banɗaki, don a ganinta wanda ya fita ba ya dawowa. Lokacin cinta da wankanta da barcinta kada ya riƙa canjawa. Kuma ita ma tana da haƙƙin ganin ubanta, kamar yadda manyan ke da haƙƙin ganin ki.

Wannan ya kawo mu maganar zuwa da dawowa, wadda a ganina ta fi duk wata dabara da na lissafa. Ba ki faɗi sau nawa kike ganin su ba. Ya kamata ki san matsayinki. A al'ada mukan ce 'ya'ya na uba ne, da an yaye yaro sai a karɓe. A fiƙihun Malikiyya kuwa, wanda kotunan shari'a na Arewa ke aiki da shi, Risala ta Ibn Abi Zaid da ake karantawa a zaurukanmu ta faɗa a sarari: renon yara bayan saki na uwa ne, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta rasu ko ta yi wani aure, sai kaka ta wajen uwa, sannan 'yar'uwar uwa. Ciyarwa da tufatarwa kuma suna kan uba duk inda yaran suke. Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta hana a cutar da uwa ta hanyar ɗanta, ta hana a cutar da uba ta hanyar ɗansa. Tirmizi kuma ya ruwaito gargaɗin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, cewa wanda ya raba uwa da ɗanta Allah zai raba shi da masoyansa ranar ƙiyama.

Ban kawo wannan don ki wayi gari a kotu ba. Na ga shari'ar riƙon yara da aka yi wata da watanni, wadda ta ci ta karɓi yara da suka riga suka tsani kowa. Ki auna da idon basira: akwai wurin kwanansu a gidanku? Makarantarsu fa? In kina da niyyar sake aure nan kusa, Hajiyarku za ta iya riƙe su, ko za su zama agololi, ko a sake kwaso su a mayar? Tashin yaro sau biyu ya fi barin sa wuri ɗaya illa. In ba a cutar da su a can, ki yi amfani da wannan haƙƙi naki ki nemi tsayayyiyar rana: misali su zo Juma'a bayan makaranta su koma Lahadi da yamma, hutu a raba, sallah a raba, autar ma ta riƙa bin su wani lokaci don 'yan'uwan kada su tashi baƙin juna. A yi maganar a gaban manyan ɓangarori biyu, ko limamin unguwa, in ta ƙi a je ofishin Hisbah, don sulhun iyali yana cikin aikinsu. In kuwa akwai duka mai barin tabo, ko horon yunwa, ko cire su daga makaranta a ɗora musu talla, to nan ba maganar kara, ki je gaban alƙali.

Bakinki a kan babansu kuma ki sa masa linzami, ki roƙi 'yan gidanku su ma su sa. Na san gidan da bazawara ta dawo ba ya rasa masu tsine wa tsohon miji a kan tabarmar cin tuwo. Yaro ya san rabinsa daga ubansa yake. In aka ce ubansa azzalumi ne mara mutunci, sannan ranar da ya yi laifi aka ce "halin ubanka ne," ya gama gane inda aka ajiye shi. Ba na ce ki yabi mutumin da ya ɓata miki ba. Shiru ya isa, gaskiya kuma in sun girma za su gani da idonsu. Haka nan kada ki sa musu ran kome. Duk yaro yana mafarkin iyayensa su shirya, wasu har rashin lafiya suke ƙirƙira don a haɗu a kansu a asibiti. In Allah Ya ƙaddara sabon ɗaurin aure, sa ji bayan an shafa fatiha.

Ke ma ki duba kanki. In sun ga hawayenki sau ɗaya ba laifi, ki ce "raina ne ya ɓaci, zai wuce, ba ku ba ne." Amma in kin kai mako biyu ko fiye ba barci, ba cin abinci, ba abin da ke miki daɗi, ki ga likita. Su ma akwai alamun da ba a jira da su: rama, ƙin zuwa makaranta gaba ɗaya, guduwa daga gida, firgita da wani mutum takamaimai, ko furta "gara in mutu" ko da cikin wasa. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana da sashen kula da lafiyar ƙwaƙwalwa, kuma akwai asibitocin tarayya na wannan fanni a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri, ga masu karatu daga can. Zuwa wurin ba ya nufin hauka. Addu'a da tofi a ci gaba da yi, ba sa karo da magani, sai dai kada ki yarda wani ya ce aljanu ne ya hau yaro mai kewar uwarsa da bulala ko hayaƙi.

Saura lokacin rabuwa, ranar da suka zo za su koma. Kada ki sulale ki shige maƙwabta don gudun kukansu, haka aka yi musu a karon farko. Tun da sauran rabin awa ki ce musu lokaci ya kusa. Ki haɗa musu kayansu tare da su, ki raka su har bakin titi, ki sa su a adaidaita da hannunki. Namijin zai riƙe miki hijabi, ki bar shi ya yi kukansa, ki tsuguna ki ƙirga masa a yatsu: Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. In wani uzuri ya taso da zai hana zuwan, ki kira tun ranar Alhamis su ji daga bakinki, ki faɗa musu ranar da aka mayar.